Yadda zaka gano daga ina ƙarar injin tsohon babur ɗinka take fitowa kafin a kwance maka shi

Tsohon babur dai ba a raba shi da ƙara, wannan kowa ya sani, wanda yake hawa Jincheng ko CG ko roba-robar da ta haura shekara goma bai kamata yasa rai zaiji shiru irin na sabon mashin da aka ciro daga kwali ba. Abinda muke magana akai shine baƙuwar ƙara, wadda jiya babu ita yau ta ɓullo, ko wadda da can ƙasa-ƙasa take yanzu kuma har masu zama bakin titi suna ɗago kai in ka wuce. Mu kuma al'adarmu da munji haka sai mu tura mashin gareji muce "oga dan Allah duba min, yana wata irin ƙara", wani bakaniken ko saurarawa bazai tsaya yi ba sai yace ai injin ne sai an sauke, kafin kace me an zube maka shi a ƙasa an lissafo maka fistin da ringi da kwanrod (sandar da ta haɗa fistin da kurankshaf, babban shaf ɗin da yake juyi a ƙasan injin) da gasket, alhali wataƙila noti ɗaya ne ya saki a jikin salansa. Ba duka makanikai ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, amma ko mai gaskiyar ma aikinsa yafi sauƙi in kazo masa da bayani mai kan gado. Kuma abinda nakeso ka riƙe tun yanzu, ƙarfin ƙara ba shi ne girman matsala ba. Akwai ƙarar da zata cika unguwa amma gyaranta bai wuce juya sifana ba, akwai kuma wadda sai ka kasa kunne sosai zaka jita amma ita ce mai kashe injin.

Kafin ka tada mashin ɗin ma, duba baƙin mai. Ka ɗora shi akan babban sitan a waje mai daidai, ka zare sandar awon mai ka goge, ka mayar ba tare da ka murɗa ta ba (haka ake aunawa a Honda da ire-irensa) sannan ka sake zarowa ka gani. In ka samu man ya yi ƙasa sosai ko sandar ta fito a bushe to kada ka tada shi wai don ka saurari ƙara, kowace daƙiƙa da yayi yana juyi babu mai, daɗa cin kansa yake. Sannan ka shafa man a yatsa ka fita rana ka kalla, in kaga wani ƙyalli-ƙyalli kamar garin ƙarfe a ciki, musamman mai launin ruwan tagulla ko fari mai sheƙi, wani abu yana cinyewa a ciki. In kuma man ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, kafireta ce take tsiyaya fetur yana gangarawa cikin injin, shi ma yana kawo ƙara domin man ya rasa kaurinsa. Da yawa daga ƙarar da mutane suke kuka da ita juyen mai kawai take buƙata, irin waɗannan ƙananan injinan duka-duka man da suke sha baya wuce lita ɗaya, wasu ma basu kai ba, don haka ɗan abinda ya ragu ma babba ne a wajensu.

Abu na gaba ka san wane irin inji kake dashi, domin naji mutum yana rantsuwa cewa bawul ɗin Jincheng ɗinsa ne ke ƙara alhali AX100 ne, kuma AX100 bashi da bawul irin wannan kwata-kwata. Shi injin AX100, ko na Suzuki na asali ko na Jincheng, mai bugu biyu ne, wanda ake zuba wa man tu-ti yana fitar da hayaƙi, ba bawul a kansa, ba sarkar taimin, ba kamshaf (shaf ɗin da yake buɗe bawul, wanda sarkar taimin take juyawa). Shi kuma CG125 da duk kwafinsa da China ta cika kasuwa dasu yanada bawul amma bashi da sarkar taimin, wasu sanduna biyu ne suke tasowa daga ƙasa suna tura roka (ƙarfen da yake danna bawul), don haka in wani yace maka sarkar taimin ɗin CG ɗinka ta saki, ka ɗauki mashin ɗinka ka canza gareji. Bajaj Boxer da roba-roba irin su C70 da C90 da Lifan su ne masu bawul da sarkar taimin duka. Wannan kaɗai ya rage maka rabin zarge-zarge.

To yanzu ka tada shi ka barshi a sulo, amma a fili ba cikin zaure ko shago a rufe ba, hayaƙin salansa yana kisa shiru-shiru. Ka fara da abubuwan waje waɗanda ba injin ba, domin tsohon babur duk jikinsa rawa yake. Ka naɗe tsumma a hannu ka dinga danne abubuwa ɗaya bayan ɗaya kana sauraro, murfin salansa, kwanon da ya rufe sarka, lamba, fitila, kariya ta baya, sitan da sifirin ɗinsa, tanki in robobinsa sun mutu, har murfin gefe. Duk wanda ka danne ƙarar ta ɗauke, shikenan ka kama ɓarawo. Ka kuma bi notunan da suka riƙe injin da firam da sifana, in ɗaya ya saki zakaji wani gwaf-gwaf duk sanda ka ja totur ko ka saki, wanda wallahi zaka rantse daga cikin injin yake. A masu bugu biyu akwai wasu ƴan robobi da ake cusawa tsakanin haƙarƙarin bulok, in sun zube haƙarƙarin yana wani tsiririn ƙara ziiin, ba ciwo bane, a samu robobi a mayar.

In ka gama da waje ƙarar tana nan, sai ka fara yi wa kanka tambayoyi. Da safe ne take yi in injin yayi sanyi ta ɓace bayan ka ɗan zaga, ko kuwa sai ya ɗau zafi take fitowa? Tana bin totur ne, wato in ka murɗa ta ƙara sauri, ko gudun taya take bi? Tana yi a tsaye ko sai kana tafiya, kuma sai ka ɗauki kaya ko ka kama hawa? In ka matse kuloci tana canzawa? Hanyar raba ƙarar injin da ta taya mai sauƙi ce, ka samu titi mara cunkoso ka ɗan ɗau gudu kaɗan, ka matse kuloci ka kashe injin ka barshi yana gangarawa, in har ƙarar ta cigaba to babu ruwan injin, ka koma kan sarka da sifaket da boris ɗin taya da birki. Sarka in ta saki tana dukan kwanonta kacau-kacau musamman a gargada, wasan da ake so a tsakiyarta wajen santimita 2 zuwa 3 ne, in kuma an ɗaure ta tamau sai ta koma wani gurnani tana cin boris ɗin da ke bayan ƙaramin sifaket. Boris ɗin taya kuma ka ɗaga tayar ka kama ta da hannu biyu ka girgiza gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas ya tafi.

Idan kuma ta tabbata injin ne, ɗauko doguwar sukundireba mai mariƙin roba ko katako. Ka ɗora bakinta a jikin injin, ka dunƙule hannu akan mariƙin ka kara kunnenka, zakaji abinda ke faruwa a ƙarƙashin wajen tar kamar a kunnenka ake yi. Ka fara daga murfin bawul a sama, ka sauko jikin bulok, ka je murfin hagu wajen maganeto, ka zagayo murfin dama wajen kuloci, sannan ƙasan injin. Inda tafi ƙarfi da kaifi nan ne gidanta ko kusa dashi. Amma ka kiyaye, banda babbar riga ko rawani mai reto kusa da sarka, kada ka taɓa wayar filogi da sukundirebar don zata fizge ka, kuma salansa ba ta da mutunci.

Mu fara da bawul tunda shi ne aka fi samu. Ƙararsa siririya ce, kyas-kyas-kyas a jere ba tangarɗa kamar keken ɗinki, daga saman injin take fitowa, tana bin totur amma a hankali take bugawa fiye da juyin injin saboda kamshaf sau ɗaya yake juyawa in kurankshaf yayi biyu. Dalilinta tazarar da ke tsakanin roka da kan bawul ce ta buɗe. Gyaran ba wuya amma sai injin ya huce sarai, wanda ya kwana yafi. Ka buɗe murfin tafet, wato murfin da ke kan bawul, ka cire filogi don juyin yayi sauƙi, ka juya maganeto har alamar T ta daidaita da ɗan tsagin da ke jikin murfi, sannan ka taɓa roka biyun kaji duk suna ɗan motsi, in ɗaya ya ɗaure to ba wannan zagayen bane, ka sake juya shi zagaye ɗaya cif ka dawo kan T. Sai ka zura fila geji (siraran ƙarafunan auna tazara) tsakanin roka da kan bawul, a roba-roba irin C70 da C90 milimita 0.05 ake sawa, CG125 kuma 0.08, sauran ka duba littafin mashin ɗin ko takardar da ake mannawa a jiki. Ka sassauta ƙaramin notin, ka juya sukurun har gejin ya dinga shiga da ɗan ja-ja, ka riƙe sukurun ka ɗaure notin, sannan ka sake aunawa domin ɗaurewar tana motsa shi.

Anan ne nake da ja da yawancin garejinmu. Fila geji ba wani tsada gare shi ba amma sai kaga yaro ya sa yatsa ya girgiza roka yace yayi, kuma saboda mai mashin yana so yaji shiru sai a matse bawul ɗin gaba ɗaya. Eh zai yi shiru, kaji daɗi ka biya ka tafi, bayan kwana kaɗan sai kaga in mashin ya ɗau zafi yana mutuwa a sulo, in ka kashe yaƙi tashi sai ya huce, ƙarfi ya ragu, ƙarshe bawul ɗin salansa ya ƙone domin baya samun zama ya rufe sosai balle ya sauke zafinsa. Bawul mai ɗan kyas-kyas kaɗan lafiyarsa ƙalau, wanda yayi tsit gaba ɗaya shi ne abin tsoro. In baka da geji kuma baka taɓa yi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka nemi wanda yake dashi ka tsaya a kansa. Sannan in an saita yau jibi ƙarar ta dawo, ba saiti bane matsalar, ko fuskar roka ta cinye ko kamshaf ya gurje, kuma abinda yake jawo haka yawanci mai ne baya hawa sama. Zaka iya gwadawa, ka ɗan buɗe murfin tafet ɗaya injin yana sulo, ya kamata kaga mai yana fantsalowa ya ɓata maka wando, in kaga wajen a bushe kashe shi nan take a duba famfon mai da ragar da ke tace shi a ƙasa, wadda wasu tunda suka sayi mashin ba a taɓa wanke ta ba. Wani lokacin kuma gam ɗin gasket ne da aka lafta ya toshe ƴar hanyar da man yake bi.

Akwai mai kwaikwayon bawul da yake ruɗa mutane, wato gasket ɗin bakin salansa inda ta haɗu da kan injin. In ya fashe ko notunan sun saki zakaji tas-tas-tas mai kaifi, tafi yawa da safe. Ka duba wajen zakaga baƙin toka ya zana, ko ka kawo hannu kusa (kusa nace, ba ka taɓa ba) zakaji iska tana bugowa. Haka in filogi bai ɗauru ba ko zarensa ya lalace, shi ma yana wannan fis-fis ɗin.

Sarkar taimin ita ƙararta ba a jere take kamar bawul ba, wani caka-caka ne ko sharr-sharr mai karkarwa, tafi fitowa a sulo da lokacin da ka saki totur, in ka ɗan ja wuta wani lokaci ta lafa saboda sarkar ta miƙe. Da sukundireba zakaji ta a gefe ɗaya na bulok tun daga sama har ƙasa, a roba-roba gefen hagu ne. Kada a yi saurin cewa sarkar ce ta mutu, a fara duba abinda yake matse ta, tenshina, domin sifirin ɗinsa yana gajiya ko ya maƙale, a roba-roba kuma akwai ƴar tayar roba a tsakiyar bulok da sarkar take bi ta kai wadda take cinyewa har gutsattsarinta su cika ragar mai. In an gyara wannan ƙarar bata tafi ba sai a canza sarkar, kuma a duba haƙoran sifaket ɗinta a lokaci ɗaya. Wannan ba ƙarar da za ace bari a ga ƙarshen wata bace, ranar da sarkar ta tsallake haƙori fistin zai iya haɗuwa da bawul ya lanƙwasa shi, aikin da bai taka kara ya karya ba ya koma na sauke kan inji.

Sai fistin. In ya cinye ya samu wasa a cikin bulok yana dukan bango, ƙarar ƙwal-ƙwal ce mai ɗan rami a ciki, daga tsakiyar bulok, kuma babbar alamarta da safe tafi yawa, in injin ya ɗau zafi fistin ya kumbura sai ta ragu ko ta ɓace. In iyakarta kenan, ba hayaƙi, ba shan mai, ƙarfi yana nan, gaskiya zaka iya cigaba da lallaɓawa kana tara kuɗi. Amma in ta haɗu da shuɗin hayaƙi a mashin mai bawul, mai yana raguwa kullum, kik yayi laushi a ƙafa, robar numfashin injin tana huci tana tofar da mai, to lokacin rebo yayi, wato a gurje cikin bulok a sa fistin da ya ɗan fi girma. Fistin yana zuwa mataki-mataki, ƙarin milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00, kuma ba a tsallakawa babba in ƙarami zai share zanen da ke cikin bulok, don ka bar wa kanka na gaba. Abinda ban yarda dashi ba shine a zuba sabon ringi a tsohon bulok da ya riga ya zama ƙwai, sati kaɗan hayaƙin zai dawo. Kuma dan Allah a daina cire soson iska wai don mashin ya ƙara gudu, ƙurar hunturu in ta shiga kai tsaye ita take cinye ringi da bulok, kana gyarawa tana ɓatawa. Akwai kuma fil ɗin da ya riƙe fistin da kwanrod, shi ƙararsa tafi kaifi, ƙyas-ƙyas kamar bugu biyu a manne, bata damu da sanyi ko zafi ba, tafi fitowa a sulo ko daidai lokacin da ka saki totur. A AX100 wannan wajen ƙaramin boris ne mai allurai, yana da araha, amma in ya tarwatse alluran zasu bi ta tagogin bulok su yi kaca-kaca da komai.

Yanzu ga wadda in kaji ta zaka sauka ka tura. Ƙarar kwanrod ta ƙasa, inda ya kama kurankshaf, mai nauyi ce, ƙwan-ƙwan ko dum-dum daga cikin cikin injin, ba siririya ba, kuma saɓanin fistin ita in injin ya ɗau zafi mai ya tsinke ƙaruwa take, in ka ja totur ko ka ɗau kaya ta ƙara fitowa, wani lokaci har a matakin ƙafa zaka dinga jin bugun. Yawanci tarihin mashin ɗin zai gaya maka, an taɓa barinsa ba mai, ko ya sha ruwa da damina aka cigaba da hawa ba juye. In an cire bulok ana tabbatarwa, a kawo kwanrod sama a ja shi sama da ƙasa, ɗan motsi gefe da gefe ba laifi bane amma sama da ƙasa ko ɗis bai kamata a ji ba. Wanda ya cigaba da hawa da wannan ƙarar yana iya wayar gari kwanrod ya karye ya fasa kwanon injin, daga canjin kwanrod a koma neman injin sukutum. Boris ɗin kurankshaf kuma gurnani yake, gurrr mai kauri da yake bin totur, ana jinsa ta murfin hagu ko dama, in ka cire murfin maganeto ka kama maganeton ka ɗaga sama da ƙasa kaji ya motsa to shi ne. A mai bugu biyu in wannan boris ɗin ya tafi yana tafiya da sil ɗin gefensa, iska ta dinga shiga ta ɓarauniyar hanya, sai kaga mashin yana ƙara wuta da kansa yaƙi saukowa sulo.

Amma tsaya, kafin a tsaga injin saboda ƙwan-ƙwan, a duba notin maganeto. In ya saki, ko ɗan makullin da yake riƙe maganeto a jikin shaf ya cinye, ƙarar da yake yi da ta kwanrod kusan ba bambanci, kuma duba shi cire murfi ɗaya ne kawai. Haka notin kuloci da na matatar mai ta ɓangaren dama a CG. Duk bakaniken da ya san aikinsa zai fara da waɗannan.

Akwai wata ƙara kuma da ba lalacewar ƙarfe bace, ƙonewar fetur ce ba daidai ba. Zakaji ƙir-ƙir-ƙir ko tsin-tsin mai kaifi daga kan injin daidai lokacin da kake babbar giya gudu kaɗan ka murɗa totur, ko ka ɗoro buhuna ka kama hawa da rana tsaka, da ka rage giya ko ka sassauta hannu sai ta ɗauke. Abu na farko da zaka tambayi kanka a ina ka sha mai. Man ƴan bumburutu ba duka ne gurɓatacce ba amma in an sirka shi da kananzir to wannan ƙarar ce alamar farko, kuma ko gidan mai ba a rantsuwa akai, duk mun tuna fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 ya kwantar da ababen hawa. Ka juye tankin ka zuba wani ka gani. In bata tafi ba sai a duba baƙin gawayin da ya taru akan fistin, wanda yafi yawa a masu tu-ti, sannan a duba kafireta. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun sa an matse musu kafireta ko an sa ƙaramin jet (ƴar ƙofar da fetur yake bi a kafireta) don mashin ya rage shan mai, to in aka wuce gona da iri injin yana ƙara zafi ya fara wannan ƙarar, ƙarshenta fistin ya huje. Filogi zai faɗa maka gaskiya, ka cire ka kalli bakinsa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai, fari fat alamar fetur yayi kaɗan ne ko iska tana shiga ta robar da ta haɗa kafireta da injin, baƙi mai maiƙo kuma mai ne yake hawa. Wannan ƙarancin fetur ɗin ko hujin salansa shi ne kuma yake kawo fat-fat-fat a salansa in ka saki totur a gangara. In kuma ta kafireta yake atishawa, a duba bawul ɗin shiga da taimin.

Masu AX100 ku ƙara da wannan, in kana cikin gudu kaji injin ya fara wani ƙiii yana nauyi kamar ana riƙe shi, matse kuloci nan take ka gangara gefe, fistin ne yake shirin kamawa. Ka duba tankin tu-ti da ƴar robar da take kai shi, in kaga kumfar iska a ciki famfon baya turawa. Waɗanda suka cire famfon suna haɗawa a tanki kuma su daina zubawa da ka, a samu abin awo, wajen mil 30 zuwa 40 a kowace lita.

Ɓangaren dama, kuloci. In a sulo kana jin kwaram-kwaram daga murfin dama amma da ka matse kuloci sai ta ɗauke, kwandon kuloci ne ya samu wasa, ko robobin bayansa sun mutu ko kunnuwan faranti sun ci bakin kwandon, wani lokacin kuma boris ɗin shaf ɗin giya ne. Tana da ban haushi amma ba mai kashe injin yau ko gobe bace, kuma in sulo yayi ƙasa da yawa ko baya zama daidai tana ƙaruwa, don haka a fara gyara sulon. In kuma sai ka matse ne ƙarar take fitowa, ɗan boris ɗin da yake tura farantan ne. Kukan wiii da yake bin totur a wannan gefen haƙoran da suka haɗa kurankshaf da kuloci ne, tsofaffin mashina da yawa dama suna yi, in ba sabo bane ka ƙyale shi. Giya kuwa gane ta ba wuya, in a giya ɗaya kawai ake ƙarar sauran shiru to haƙorin wannan giyar ne, in tana faɗowa da kanta kuma an gama magana. Kar a manta da kik, in sifirin ɗinsa ya gaji baya komawa sama sosai sai haƙoransa su dinga gogawa tirrr, ka sa ƙafa ka ɗaga shi sama kaji ko ta tsaya.

Wanda zai sayi na hannu kuma ya sani cewa duk abinda na lissafa masu sayarwa sun fi mu saninsa. Shi yasa zakaje ka tarar an riga an ɗumama mashin, ka taɓa bulok kaji zafi, don kada kaji fistin. Ka ce sai da sassafe zaka dawo ka tada shi da ƙafarka. Ka zare sandar mai, in kaga man yayi kauri yana zare kamar ba na babur ba, an zuba mai kauri ne ko man giya don a danne ƙarar kwanrod, kai ma kuma kada kayi wa naka wannan dabarar, ƙarar zata ɓuya amma man bazai hau sama da wuri ba, ka tsaya akan baƙin mai mai lamba 20W-50 ko abinda littafin ya ce. Bayan ka tada shi da sanyi ka kuma hau shi har ya ɗau zafi sosai ka sake saurara, tunda munce wata sai da sanyi wata sai da zafi.

In zaka kai gareji, ka ɗauki ƙarar a waya lokacin da take yi, domin sau da yawa da an isa gaban bakanike sai mashin yayi lakwas kamar ba shi ba. Ka gaya masa inda kaji ta da sukundireba, da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a tafe, da abinda matse kuloci yake yi mata, kuma ku yi magana tun farko cewa za a fara da abinda baya buƙatar sauke injin, mai da noti da bawul da tenshina da maganeto. In ta kama sai an tsaga, ka tsaya a wajen a nuna maka wasan kwanrod ɗin ko zanen bulok ɗin da idonka, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, kuma wajen sayen boris da kwanrod da sarkar taimin kada ka bi mafi araha a kasuwa don kuɗin aikin tsagawar sau biyu yafi bambancin. Bayan rebo ko canjin kwanrod a bi shi a hankali na ƴan ɗaruruwan kilomita, ba lodi ba tsere, a juye man da wuri tun bai yi baƙi ba, sannan a sake auna bawul da geji bayan injin ya zauna.